Daga Fili Zuwa Mujalla: Yadda Ake Buga Bincike Ba Tare Da An Ci Amanar Ilimi Ba

A shekarar 2023 kaɗai, an janye maƙalun bincike sama da 10,000 daga mujallun ilimi na duniya, fiye da 8,000 daga cikinsu na kamfanin ɗab'i na Hindawi ne. Janye maƙala shi ne mujalla ta fito fili ta ce kada kowa ya ƙara dogara da abin da ta buga, kuma tambarin yana nan manne da sunan marubucin a intanet har illa ma sha Allahu.

Malamin jami'a a Zariya ko Kano ko Sakkwato ya san cewa ƙarin girmansa yana rataye ne a kan yawan abin da ya wallafa. Takwaransa na Yamai ko Damagaram shi ma da maƙalu zai tunkari CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Wannan matsin lambar ne yake jefa mutanen kirki cikin abin kunya, domin mafi yawan waɗanda suke faɗawa ba mugunta ce ta kai su ba. Gaggawa ce, da jin nauyin manya, da kara. Shi ya sa wannan jagorar za ta bi maƙala ɗaya tun kafin a fita fili har bayan an buga ta, ta nuna wuraren da ake yin tuntuɓe.

Mataki na 1: Karɓi izini kafin ka taɓa ko mutum ɗaya

In bincikenka ya shafi mutane, ko jininsu, ko fayil ɗinsu na asibiti, ko hira da su, to takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ita ce gaba da komai. A Najeriya kwamitin ƙasa shi ne NHREC, ƙa'idarsa ta fito a 2007, kuma asibitocin koyarwa da jami'o'i suna da nasu kwamitocin. Mujallu masu mutunci za su nemi sunan kwamitin da lambar takardar da kwanan watanta. Kwanan watan dole ya riga ranar da ka fara tattara bayanai. Kwamitin kirki ba ya ba da izini a kan aikin da aka riga aka gama.

Mutanen Kano ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 a Asibitin Zana. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Takardar amincewar da aka nuna, daga baya ta bayyana cewa bayan gwajin aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75, kuma labarin yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003.

Takardar neman yardar mutane ka rubuta ta da harshen da suke ji. In ba sa karatun boko, a karanta musu, ko a rubuta da ajami, su dangwala yatsa a gaban shaidan da ba ɗan tawagarka ba ne. Izinin mai gari ko mai gida ladabi ne da ba a tsallakewa, amma ba ya tsayawa a madadin yardar matar da za a yi wa tambayoyin. Masu nazarin adabi da al'ada ma abin ya shafe su: kafin ka naɗi muryar makaɗi ko ungozoma ko mai maganin gargajiya, ka gaya masa inda maganarsa za ta je, ka tambaye shi ko yana so a ambaci sunansa.

Mataki na 2: Ku raba gardamar sunaye tun ranar farko

Nan ne aka fi ɓata zumunci, kuma nan ne aka fi yin shiru. Tun ran gini tun ran zane: ranar da kuka zauna tsara aikin, ranar za ku rubuta wa zai yi me, da yadda sunaye za su jeru. A aika wa kowa ta imel don ya zama akwai shaida.

Ƙungiyar editocin mujallun likitanci ta duniya, ICMJE, ta gindaya sharuɗɗa huɗu, kuma fannoni da dama sun ara. Marubuci shi ne wanda ya sa hannu sosai wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya kuma rubuta maƙalar ko ya yi mata gyara mai nauyi ta fuskar ilimi, ya amince da kwafin ƙarshe, sannan ya yarda a tuhume shi in wata matsala ta taso. Sai an haɗa huɗun duka. Wanda ya samo kuɗi kawai, ko ya ba da aron ɗakin gwaji, ko ya gyara Turanci, wurinsa shi ne sashen godiya.

Kowa ya san yadda abin yake gudana a zahiri. Akwai shugaban sashen da ake sa sunansa don kada ya ɓata rai. Akwai abokai uku da suka ƙulla cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, kowa ya rubuta ɗaya ya sa sauran biyu, a wayi gari kowannensu yana da uku. Akwai kuma mafi muni a ganina, ɗalibar da ta yi wata da watanni tana yawo ƙauye-ƙauye, sai ta ga kundin digirinta na biyu ya fito a mujalla da sunan malaminta shi kaɗai.

Ƙaramin malami ba zai iya duban farfesa ya ce masa ba zan sa ka ba. Abin da yake yiwuwa shi ne ya mai da maganar gayyata: "Ranka ya daɗe, mujallar nan tana so kowane marubuci ya bayyana abin da ya yi, ya sa hannu. Ga kwafin, in za ka duba mana sashen nazarin sakamako ka gyara, sai mu rubuta hakan a gaban sunanka." In ya karɓa ya yi aikin, ya zama marubuci na halak. In ya ce ba shi da lokaci, ya cire kansa da kansa, sai ka gode masa a sashen godiya, bayan ka nemi izininsa. Mujallu da yawa yanzu suna amfani da tsarin CRediT na bayyana aikin da kowane marubuci ya yi, mai rukunin ayyuka 14, wannan kuwa ya ba ka bangon jingina. Wanda yake son a sa sunansa a banza kuma ya tuna cewa ranar da za a janye maƙalar, da sunansa za a janye ta, kuma "ni ban ma karanta ta ba" ba ta wanke kowa.

Mataki na 3: Riƙe alƙaluma yadda suka zo

Manyan laifuffuka uku ne a duniyar bincike: ƙirƙiro alƙaluman da ba su wanzu ba, sauya waɗanda suka wanzu, da satar fasaha. Diederik Stapel, farfesan ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Tilburg ta ƙasar Holan, ya yi shekara da shekaru yana zama yana cika alƙaluma da hannunsa. A 2011 wasu matasan masu bincike na sashensa suka tona shi, aka janye masa maƙalu 58.

Namu salon ya fi faruwa ne ba da sanin mai binciken ba. Ka ba yara takardun tambayoyi 400 su kai unguwanni, rana ta yi zafi, kuɗin mota ya ƙare, sai su samu inuwa su cika saura. Don haka idan takardun suka dawo, ka zube su a tebur ka duba da idonka. Rubutun hannu ɗaya ne daga farko har ƙarshe? Biro ɗaya? Takardar da aka ce ta kwana uku a ƙauye amma ko lanƙwasa ba ta yi ba? Amsoshi suna tafiya a jere kamar an yi musu layi? Ka ɗebi wasu ka koma ko ka buga waya ka tabbatar an je. In kana amfani da manhaja irin KoboToolbox, ka duba lokacin da aka fara kowace hira da lokacin da aka gama. Hirar da ya kamata ta ci rabin awa ba ta ƙarewa a minti 3.

Ka ajiye asalin bayanan a fayil ɗin da ba ka taɓawa, ka yi aiki a kan kwafi, duk abin da ka cire ka rubuta dalili. Hoton gwaji kuma ba a goge masa tabo ko a liƙa wani ɓangare a kan wani. Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba maƙalu sama da 20,000, suka ruwaito a 2016 cewa kusan kashi 4 cikin 100 suna ɗauke da hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba. In gwajin magani ne, ka yi masa rajista kafin ka ɗauki majinyaci na farko, Afirka tana da rajistarta, PACTR. Sakamakon da bai zo yadda ka so ba shi ma sakamako ne, a rubuta shi.

Mataki na 4: Jingina kowace magana ga mai ita

Wanda ya taso inda ake tambayar isnadin hadisi bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Kalmomin wani ka sa su cikin alamar zance, ra'ayin wani ka faɗi mai shi ko da ka sake masa riga, kuma kada ka ambaci littafin da ba ka buɗe ba kamar ka karanta shi.

Turnitin da iThenticate, manhajojin da ke kwatanta rubutunka da na wasu, kamanni suke aunawa, ba su san sata ba. Maƙala tana iya nuna kashi 25 alhali duk jerin manazarta ne da zancen da aka ambata daidai, wata kuma ta nuna kashi 6 alhali ƙashin bayanta gaba ɗaya na wani ne. Buɗe rahoton ka bi launukan ɗaya bayan ɗaya. Masu juya kalmomi da manhaja don lambar ta sauka wahalar banza suke yi, edita mai ido yana gane jimlar da aka murɗe.

Akwai ƙofar da ta fi buɗuwa ga masu harsuna biyu ko uku: a ɗauko aikin Turanci ko Larabci ko Faransanci a mayar da shi Hausa, a sa suna. Na'ura ba lallai ta kama ba, amma sata ce. Fassara aikinka na kanka kuwa halal ce, har abin so ce, muddin editocin mujallun biyu sun sani sun yarda, ka kuma rubuta a fili inda ya fara fitowa. Abin da ba a yi shi ne ka lissafa su a matsayin bincike biyu ranar neman ƙarin girma. Haka nan daddatsa bincike ɗaya ya zama maƙalu biyar masu gabatarwa iri ɗaya.

Game da ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, kwamitin ɗa'ar wallafa na COPE ya fitar da matsaya a 2023 cewa ba za ta zama marubuciya ba, tunda ba za a iya tuhumarta ba. In ka yi amfani da ita ka bayyana yadda ka yi. Ka kuma bi kowace madogara da ta ba ka, domin takan ƙago sunan maƙala da shekara da shafi, duk babu su.

Mataki na 5: Binciki mujallar kafin ta binciki aikinka

Saƙon yakan zo da tsakar dare. Ya kira ka babban masani, ya yabi wata maƙalarka da ba ta da alaƙa da fannin mujallar, ya ce saura gurbi ɗaya a fitowar wannan watan, za a tantance cikin kwana 3 a buga cikin mako guda. Sunan mujallar ya haɗa noma da injiniyanci da adabi da likitanci. Kuɗi kuma ba a ambata ba sai an karɓi aikin.

A 2013 ɗan jaridar kimiyya John Bohannon ya aika wata maƙalar bogi, mai cike da kurakuran da ɗalibi zai gano, zuwa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. A 2019 wata kotu a Amurka ta yanke wa kamfanin OMICS biyan sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta.

Ga yadda ake bincikawa, ba ya cin awa guda. In mujalla ta ce tana cikin rumbunan da ke jera mujallun da aka tantance, irin su Scopus ko DOAJ ko AJOL, kada ka yarda da tambarin da ta liƙa a shafinta, ka je can ka nemi sunanta da lambar ISSN ɗinta, wato lambar shaidar mujalla. Ka kwatanta adireshin shafin da aka rubuta a can da wanda aka aiko maka, saboda akwai 'yan damfara masu kwaikwayon shafin mujallar gaske har da sunanta. Ka zaɓi mutum biyu daga kwamitin editoci ka duba ko su ma sun ambaci mujallar a shafin jami'arsu. Sannan ka karanta maƙalu uku daga fitowar ƙarshe. Wannan na ƙarshen ya fi duk sauran tona asiri.

Karɓar kuɗin ɗab'i ba shi ne alamar bogi ba, manyan mujallu ma suna karɓa, kuma da yawa suna yafewa ko su rage in ka nema tun wajen aikawa. Rashin shiga Scopus ma ba laifi ba ne. Mujallar sashe da take aika aiki ga masana biyu su yi masa fata-fata ta fi mai ƙyalƙyalin da ba ta karanta komai. In kuwa ka riga ka faɗa hannun ta bogi, kada ka biya, kada ka sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka, ka rubuta musu cewa ka janye, ka ajiye kwafin saƙon, ka kuma gaya wa editan mujallar da za ka koma.

Mataki na 6: Aikawa da amsa gyara

Mujalla ɗaya a lokaci ɗaya. In sun daɗe ba amsa, ka tuntuɓa, in za ka tafi ka janye a rubuce tukuna.

Ka bayyana wanda ya ba da kuɗin binciken, ko TETFund ce ko kamfani, da duk wata alaƙa da za ta iya karkatar da kai. Andrew Wakefield ya buga maƙala a The Lancet a 1998, a kan yara 12, wadda ta jefa shakku a kan rigakafin ƙyanda, bai kuma bayyana cewa yana karɓar kuɗi ta hannun lauyan da yake shirin ƙarar masu yin rigakafin ba. Sai a 2010 aka janye ta aka kuma soke lasisinsa, bayan iyaye da yawa sun riga sun guji allurar.

In an ce ka ba da sunayen waɗanda za su iya tantance aikin, ka ba da masana na gaske da imel ɗinsu na wurin aiki, ban da malaminka da abokin rubutunka. A 2017 an janye maƙalu 107 daga mujallar Tumor Biology a tashi ɗaya, saboda an ba da sunayen masana na gaske da imel na ƙarya, rahotannin yabo suka riƙa dawowa daga hannun da bai kamata ba. Idan gyara ya zo, ka bar shi ya kwana, sannan ka amsa ɗaya bayan ɗaya. Kana da damar ƙin yarda, da hujja. Abin da ba ka da dama shi ne ka ce ka gyara alhali ba ka gyara ba.

Mataki na 7: Ranar da aka miƙo maka aikin wani

Kafin ka karɓa ka tambayi kanka abu uku: fannina ne, ina da lokaci, akwai wani abu tsakanina da mai aikin? A fagen da masana ba su da yawa, kamar nazarin Hausa, cire suna daga maƙala ba ya ɓoye kowa, daga salon rubutu da garin da aka yi binciken ka gane mutum. In ɗalibinka ne, ko surukinka, ko wanda kuke takarar kujera ɗaya, ka gaya wa edita, shi zai yanke. In ba za ka iya ba ka faɗa cikin kwana biyu. Danne maƙalar mutum wata shida a aljihun tebur zalunci ne, wataƙila ita yake jira ya cika takardunsa.

Abin da aka ba ka amana ce. Ba ka nuna wa kowa, ba ka ɗibar ra'ayin ciki ka kai naka aikin, ba ka loda shi a manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka rahoto. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta haramta wa masu tantance mata takardun neman tallafi yin haka tun 2023, saboda sirri yana fita. In kana so ɗalibinka ya koyi aikin, ka nemi izinin edita, a kuma rubuta sunansa.

Rahoton kansa ka fara shi da taƙaita abin da maƙalar take iƙirari, don marubuci ya san ka karanta. Sai manyan matsaloli, sai ƙanana. "Aikin ba shi da inganci" ba ta amfani kowa. Ka ce: "A jadawali na 2 an ce mutum 180 aka tambaya, amma adadin ya tashi 164, a bayyana inda 16 suka shiga. An kuma yi binciken a asibitin birni ɗaya, amma kammalawar tana magana a kan jihar gaba ɗaya." Raunin Turanci ka ambace shi a layi ɗaya ka wuce, ba shi ne ma'aunin ilimin mutum ba. Kada ka tilasta a ambaci maƙalunka sai in da gaske aikin yana bukatarsu, wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare kuma kowa yana gane mai ita.

In ka ga alamar sata ko ƙage, kada ka kira marubucin, kada ka kai zancen zauren WhatsApp na malamai. Ka rubuta wa edita a sashen sirri, ka nuna shafi da layi da inda ka ga asalin. COPE, wanda wasu editocin mujallun likitanci suka kafa a Birtaniya a 1997, yana da taswirar matakan da edita zai bi, kyauta a shafinsa. Hukunta mutum kuma aikin jami'arsa ne. Shi ma editan, in ya kawo tasa maƙalar mujallar da yake shugabanta, wani ne zai riƙe ta daga farko har ƙarshe.

Mataki na 8: Bayan an buga

In ka gano kuskure, ka sanar da abokan rubutunka, ku rubuta wa edita tare da fayil ɗin asali. Ƙaramin kuskure takardar gyara ake fitarwa. In ya rushe sakamakon, janyewa ce, kuma sanarwar takan faɗi dalili da wanda ya nema, don haka mai karatu zai bambance kuskure da maguɗi. Frances Arnold, wadda ta ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018, ta janye maƙalarta daga mujallar Science a farkon 2020 da aka kasa maimaita sakamakon, ita da kanta ta sanar a Twitter.

Kafin ka aika maƙala ta gaba, ka tace jerin manazartarka, domin maƙalun da aka janye suna ci gaba da yawo a kwamfutocin mutane babu tambari. Rumbun Retraction Watch, shafin da Ivan Oransky da Adam Marcus suka buɗe a 2010, ya koma hannun Crossref, ƙungiyar da ke yi wa maƙalu rajista, a 2023 kuma kowa yana iya bincika shi kyauta. Manhajar Zotero ma tana sa jan gargaɗi a kan maƙalar da aka janye in tana cikin ma'ajiyarka, amma sai ka shigar da ita da lambar shaidarta ta DOI ko ta rumbun PubMed kafin ta gane ta.